Taku Ɗaya

Na auna zauren gidanmu a Gidan Igwai:
taku tara, har da dokin ƙofa.
Fiffiken jirgina, ko an kwance shi,
kowane ɓari taku goma ne.
Taku ɗaya ke hana ni barci.

Jirgi ne marar inji.
A sama ba ya roƙon komai
sai zazzafar iskar da ke tashi daga fako,
wadda shirwa ke hawa da azahar
ba ta ko kaɗa fiffike.
A ƙasa ne ya zama baƙo mai doguwar ƙafa.

Gareji? Albasar Wurno ta riga shi,
buhu kan buhu, sai ta yi tsada.
Tsakar gida? Ranar Sakkwato ta ɗaga fenti,
akuyar Kulu ta ɗanɗana jela.

Modi mai walda ya zo, ya duba.
Ya ce, a fasa bango.
Bangon da kakana ya ɗora da hannunsa?
Na ce na fasa.

Taga na cire.
Yanzu sifanoni na cikin gwangwanin madara,
gam yana shan sanyi a gindin randa,
ni ina goge fiffike a durƙushe,
bakinsa kuwa yana waje, na rufa masa tabarma.

Masu wucewa masallaci suna sunkuya masa.
Da dare, in iska ta biyo lungu,
sai in ji gidan duka ya ɗan yi motsi.