Mai Ɗinkin Taru

Sabela, ƙanwata, shekara ashirin kina ɗinkin taru
a bakin gaɓar Kangas, zaune bisa akwatin kifi,
allurar katako a hannu, zare a haƙori.
Da siket ya ƙi rufuwa a watan Maris
muka yi dariya, muka ɗora wa burodi laifi.
Sai ciwo ya zauna a gefen hagu
kamar baƙon da ya ajiye jaka bai faɗi ranar tafiya ba.

Muka shiga jirgin ruwan ƙarfe bakwai zuwa Bigo.
Kika ƙi zama, wai zama ke tsokano shi.

Hoto ya nuna ƙulli a gidan ƙwai, ya kai lemo girma,
ga ruwa kwance kewaye da shi.
Ran Talata suka buɗe ki, awa huɗu da ɗoriya,
suka cire gidajen ƙwan biyu, da mahaifa,
da labulen kitsen da ke lulluɓe hanji.
Ni ina waje ina ƙirga tayil,
na kai ɗari uku da tara, na ɓata, na sake.

Kwana goma sha ɗaya kafin abin ya sami suna.
An yanka shi siriri kamar ɓawon albasa,
an rina, an aika wani birni a ƙara dubawa.
Likita Outeiro ta juyo mana fuskar na'ura.
"Sankara ce, amma ba wadda muka saba da ita ba.
Daga bangon jijiyoyin jini ta tsiro,
tana saƙa hanyoyi barkatai, babu inda suka nufa."
Kika matso, kika ƙura wa ja da shunayyar ido,
kika ce, "Saƙar ɗan koyo ce wannan.
Ko ido biyu ba su zo ɗaya ba."
Likitar ta fara murmushi, ta haɗiye.

Na tambaye ta mutum nawa ta yi wa maganin irinta.
"Ƙanwarki ce ta farko.
Na cikin littattafai ma da wuya su cika jirgin da ya kawo ku.
Idan ba ta tsallake gidan ƙwai ba, akwai waɗanda suka daɗe.
Idan ta kai huhu, watanni ake ƙirgawa.
Tata ta taɓa labulen, huhu dai sarai yake.
Ba zan ba ku abin da ba ya hannuna ba."

Kowace Alhamis, ƙarin ruwa,
ɗis,
ɗis,
kina kallon jiragen dakon kaya ta taga.
Gashi ya bi matashin kai, ba ki ko waiwaye shi ba.
Yatsun ne.
Mako na tara suka yi dundum kamar na aro,
kika ɗauki zare, ba ki ji zare ba.
Ranar ce kaɗai na ji kukanki,
a bayan rumbun ƙanƙara, inda kika zaci ba kowa.

Yanzu duk wata uku mukan haye ruwa,
ki kwanta su leƙa ƙirji da ciki,
mu dawo mu jira waya.
Sau biyu ke nan ba su ga komai ba.
Ba ma cewa an warke, mukan ce an ƙara mana uku.

Jiya na tarar da ke bisa akwatin nan naki,
hular ulu har kunne, taru shimfiɗe a gwiwa.
Da ido kike ɗauri yanzu, a hankali,
abin da kan ci minti ya ci biyar.
Breixo yana tsaye yana duba agogo, ruwa na shirin janyewa.
Kika ce masa, ba ki ko ɗago ba,
"Ɓarakar nan ta fi yadda ka faɗa.
Ka dawo Litinin."