Gani a Ƙeya

Hawan jini, a sanina, ciwon dattawa ne,
na su Baba Ɗanlami masu tauna goro a ƙofar masallaci.
Lirwanu shekararsa goma sha ɗaya.
Ko turamen haƙoransa ba su gama fitowa ba.

Da ƙuraje abin ya faro,
'yan ƙanana a ƙwauri, irin na damina.
Muka shafa man kaɗanya, suka bushe, muka manta.
Bayan mako uku fuskarsa ta tashi kamar ƙullin waina.
Uwarsa ta ce ƙiba ce.
Fitsarinsa ya koma launin shayi marar madara,
kunya ta hana shi faɗa.

Ranar Talata ina zaure, a Anguwar Juma,
ina fitar da aska takwas a kan farar shadda,
shi ke miƙo mini zare.
Na ce, ba ni kore.
Ya ce, Baba, har an yi magariba?
Hantsi ne, rana na kan tabarma.
Sai ya kife, jiki na kaɗawa, allura na hannuna.

Daga Ƙofar Doka zuwa Shika ban san da nisa ba sai ranar.
A Kwangila ya sake shiɗewa a cinyata,
mai keken yana ta salati yana kutsawa tsakanin tireloli.

Likita Rifkatu ta ɗaura masa awo a dantse,
ta duba, ta kwance, ta koma ɗaya hannun,
ta yi shiru.
Da hoton kansa ya fito ta ɗaga shi ga fitila:
farin gajimare biyu, dama da hagu, can ta baya.

Ta ce ƙwayar cutar ƙurajen nan ce ta bar wa ƙoda rigima,
ƙoda ta riƙe ruwa da gishiri, jini ya hau,
siraran jijiyoyin ƙeya suka gaza,
ruwa ya tsattsafo cikin ƙwaƙwalwa
yadda Kubanni kan shiga fadama in ta cika.
Na ce, to idon fa?
Ta ce ido lafiyarsa lau,
a ƙeya ake karanta abin da ya kawo.
Shekara talatin ina ci da idona, ban san haka ba.

Ta ce ba kasafai suke ganinsa ba.
Bara wata mai sikila, bayan ƙarin jini,
kafin ita wani yaro da ke kan maganin daji,
wani lokacin mai jego.
In ruwa ya janye da wuri, gona tana nan.
Na ce, ki rantse.
Ta ce, sau da yawa, Malam. Ba ta ƙara ba.

Kawuna ya zo da rubutu a gora, ya ce iska ce.
Ban yi musu ba.
Na shafa masa a goshi, maganin likita na ɗiga a jijiya,
ni kuma na buɗe rigar mutane a gefen gado
don hannuna ya sami abin riƙewa.

Kwana uku yana bin muryata da kunne.
Na huɗu ya ce akwai inuwa a wajen taga.
Na shida, ana kiran la'asar,
ya daɗe yana kallon cinyata,
ya ce, Baba, shuɗi ka sa a wurin kore.

Na duba. Kusan taƙi guda na ɓarna.

Ban warware ba.
Na biya mai riga kuɗin shaddarsa, na ajiye wannan a akwati.
Yanzu duk Litinin muna Shika awo,
yana karanta mini lambobin motoci tun daga nesa,
yana mita a kan miyar uwarsa da ba gishiri.