Kai Biyu a Tekun Flores

Mun ɗago daga ƙarƙashin ruwa, ni da Ibu Sulastri,
babu jirgi.
Kai, akwai shi, can, ya koma ƙwayar wake,
ya ba mu baya yana jiranmu inda ba ma nan.
Ruwan Komodo ba ya sallama in zai ɗauke mutum,
goya ka yake yi a hankali, kamar uwa.

Na ce, “Saki darmar ɗamararki.”
Ta kwance, ta tafi ƙasa ba ko motsi.
Shekara tara ina kai baƙi kallon murjani,
yau na san kan mutum a teku kwakwa ce mai yawo,
wa zai juya jirgi saboda kwakwa?

Na zaro dogon balan-balan ruwan lemo,
na hura, ya miƙe kamu huɗu yana taƙama.
Sai ga ƴar hudar nan da na ce gobe zan liƙe,
tun watan jiya nake goben.
Ya sunkuya a hankali
kamar yaron da aka kama da ƙarya.

Usur kuwa na busa har kunnena ya yi ƙara.
Iska ta karɓe ta kai wa kudu,
inda babu kowa sai tsuntsaye.

Madubina tsohon faifan waƙa ne
da ƙanwata Yustina ta yar a bayan ɗaki.
Na leƙa ta hudar tsakiya,
na ɗebo rana na watsa wa jirgin,
na ɗebo, na watsa.
Daeng Tola na kan sitiyari, idonsa gabas,
inda muka yi da shi zan fito.
Mutum ne mai cika alkawari.
Sannan gajimare ya zo ya rufe mana rijiyar hasken.

Akwai wata ƴar na’ura a kanti a Labuan Bajo,
ka danna ta, jirage su ji inda kake.
Kuɗinta albashin wata biyu.
Na juya ta a hannuna, na ajiye,
na sayi kwanon rufi saboda damina.
Rufin yana can, ba ya yoyo.

Ibu Sulastri, shekara sittin da biyu,
lissafi ta koyar a Surabaya har ta yi ritaya.
Ta ɗaure igiya daga ƙuguna zuwa nata,
ta ce, “Biyu ya fi ɗaya sauƙin gani.”
Leɓɓanta sun tsage, gishiri ya yi musu fari.
Da rana ta faɗi ta yi sallarta da ido,
ni kuma na ja addu’ar cocinmu a yatsu,
igiya ɗaya tana riƙe da mu.

Dare ya yi. Saura tocila.
Haske uku, in kashe, in ƙirga ɗari.
Haske uku, in kashe.
Batir ba ya haihuwa.
Wani abu ya goge ƙafata ya wuce,
ban faɗa mata ba.
Daga baya ta ce ita ma ba ta faɗa mini ba.

Wajen tsakar dare muka ji tari na inji,
da muryar mutum yana zagi tun daga nesa.
Sahabu ne, masunci, mai kamun dare da fitila.
Ya hango haske a wurin da ubansa ya bar masa,
ya taho faɗa da ɓarawon kifi.
Ya haska mu. Zagin ya maƙale a wuyansa.

Ya ja mu ciki, kan kifi mai santsi,
ya miƙo shayi a murfin gora, ya huce tuntuni.
Ban taɓa shan abin da ya kai shi ba.

Washegari, hannuna na rawa,
na zauna a bakin gada na liƙe hudar.
Minti biyu ya ɗauke ni.