Baitin da Cima Ta Manta

A lise, ajin ƙarshe, malamin tarihi
ya ajiye alli ya ce mana
can a Finlan, ƙasar tafkuna da dogayen itatuwa,
shekaru wajen ɗari biyu baya,
an yi wani mutum, masani kuma mawaƙi,
mai bin ƙauyuka a ƙafa, ƙanƙara har gwiwa,
yana roƙon tsofaffi su rera masa
abin da kakanni suka bar musu a baki.
Sunan ya fi ƙarfin harshena, ya zame.
Tafiyar ce ta zauna mini.

Bayan shekara tara
na sayi kaye uku a kasuwar Dole,
na shiga motar Gidimuni da yammacin Alhamis
tsakanin buhun kanwa da wata akuya mai ƙorafi.

Na tarar da Cima a gindin dabino tana tsinkar zogale.
Ta ce, ɗan lakwal, me za ka yi da waƙar niƙa?
Inji ya zo garin nan tun ba a haife ka ba,
dutsena ga shi can, kaji ke shan ruwa a cikinsa.
Na ce rubutawa zan yi.
Ta ce to auno hatsi, ba na waƙa hannu sake.

Ta durƙusa. Gero ya fara kuka,
muryarta ta bi shi a hankali kamar mai tsoron tada jinjiri:
rijiyar da ta ƙafe shekarar da fara ta sauka,
wani Barma da ya bi ayari Bilma da raƙuma bakwai,
ya aiko da gishiri, shi bai zo ba.
Tana gaba, bik ɗina na haki a baya.

A baiti na goma sha ɗaya ta tsaya.
Dutse ya tsaya.
Ta dubi danga, ta dubi tafin hannunta.
Nan akwai wani abu, in ji ta,
uwata in ta zo nan sai ta ɗaga kai.
Ya tafi.

Na koma Zinder da giɓi a tsakiyar shafi.
Dare uku a ɗakina na Zango,
an ɗauke wuta, famfo sai tari yake,
ni kuwa kamar mai wawulo, harshe ya ƙi barin wurin.
Dare na huɗu na cike shi.
Layi biyu, nawa, tawada iri ɗaya:
gishirin ya ƙare a miya,
jiran bai ƙare ba.

Da na karanta mata, ta yi shiru
har kaza ta gama shan ruwa.
Ba haka ba ne, ta ce.
Can kuma: sake faɗi in ji.

Damina biyu, Cima ta riga mu gidan gaskiya.
Na je gaisuwa. Bayan danga jikarta Habsu
na wanke tukwane tana rerawa,
ta zo na goma sha ɗaya ko tuntuɓe ba ta yi ba.
Gishirin ya ƙare a miya.
Na ce, wa ya koya miki wannan?
Ta ce Kaka mana,
ita ma wurin uwarta ta ji.

Kai mutumin ƙanƙara da ban riƙe sunanka ba,
ran da tsohuwa ta yi shiru a ɗakin katako,
fitila na cin mai, takarda na jira,
me ka yi da hannunka?
Ka sa alama a gefen shafi,
ko ka bar naka ya narke cikin nasu?

Na zaro jan bik a nan zauren makoki
don in ja layi ƙarƙashin nawa,
in rubuta: wannan ƙari ne.
Hannuna na sama tukuna.
Habsu ta zubar da ruwan wanki,
ta koma farko.