Mangala

Sha ɗayan dare, ofishin rajistar haihuwa, unguwar Zariya.
Kuran ya ɗauke tun magariba,
janareto na tari kamar tsohon da ya ƙi barin taba.
Tsalha mai gadi ya ajiye mini shayi a bakin ƙofa,
ya ce, "Har yanzu kina hira da shuɗin bangon nan?"
Na ce, ai shi ke magana, ni sauraro nake.

Allo ne shuɗi, an tsaga shi biyu da zare ɗaya.
Ba hoto, ba ado, ba kibiya mai yawo.
Hagu, tsohuwar na'ura da cikinta ke kuka tun azumi.
Dama, sabon faifai, wayam, ko suna ba a raɗa masa ba.
Mangala ke nan:
jaki ɗaya, buhu biyu,
in ka taɓa wannan, ka san halin da wancan ke ciki.

Baba Illo ya koya mini,
a shagonsa na bayan tashar Ɗan Isa,
tsakanin matattun rediyo da warin dalma.
Ya ce yaran yanzu jan fayil suke da linzami
kamar mai kai jar akuya kasuwa,
tana turjewa, yana zagi.
"Ke, danna Tab ki ƙetare gulbi.
Biyar, ki kwafa.
Shida, ki kwashe da tabarma da tukunya.
Bakwai, ki gina sabon rumbu.
Takwas..."
Sai ya ajiye sukudirebansa ya dube ni.
"Takwas ba ta san a yi haƙuri ba."

Ga su nan suna gangarowa, shekara ƙarƙashin shekara,
ƴaƴan Bagalam, ƴaƴan Mokoyo, ƴaƴan Sabon Gari,
kowa da nauyinsa a gefe, da ranar da aka taɓa shi ƙarshe,
da wanda aka yarje wa ya karanta,
da wanda aka yarje wa ya sa hannu.
Wani akawu da ya yi ritaya ya bar jaka mai suna
"sabo na gaske na ƙarshe biyu".
Na yi dariya ni kaɗai. Na kwafe ta ita ma.

Wajen biyu saura barci ya fara auna ni.
Na zaɓi tarkacen gwaji, layuka suka yi rawaya,
na danna takwas.
Jan akwati ya fito tsakiyar allo yana tambaya,
da ladabi, kamar mahauci: a yanka?
Yatsana ya riga ya hau.

Kabu-kabu ya wuce a titi da salansa fasasshe,
na ɗaga ido,
na ga sandar haske tana hagu.
Hagu!
Yara dubu arba'in da ɗaya da ɗari shida,
rabinsu ba su ƙetare ba tukuna.

Na janye yatsan kamar daga bakin murhu.
Na ce a'a.
Shayin ya huce, na shanye shi haka nan.
Na zauna a kan hannuwana har suka daina rawa.

Sai da aka kira assalatu gefen biyu suka yi daidai.
Na sa aka gwada su, layi da layi,
ba wanda ya yi rawaya.
Na rubuta a littafin aiki: an kwashe, ba matsala.

Da hantsi wani mutumin Tibiri ya zo da hula a hannu,
ɗansa Magaji zai zauna jarrabawa, takarda ta ɓata a ruwan bara.
Minti uku, na'urar bugawa ta tofo ta.
Ya yi wa akawu godiya, ya yi wa hatimi godiya,
ya ratsa ta gabana yana naɗe ta cikin leda.

Ni ina neman mai ƙosai.
Tsalha ya ce ta tashi tun tara.