Kati Biyu a Ƙusa Ɗaya

Bayan majema na tsince shi,
ɗan kwikwiyo, bai cika tafin hannu biyu ba,
yana warin bagaruwa da jiƙaƙƙiyar fata.
Cima ta leƙa kwalin, ta riƙe haɓa:
"Mutari, me maƙwabta za su ce?"
Na ce, "Ƙyale su."
Sunan da ya bi shi ke nan har yau.

Shi ke fara jin mai ruwa
tun kurar tana kwanar Zango.
Ruwa a Damagaram ba abin wasa ba ne:
jarka shida, a ƙirga, a kasa,
ta sha, ta tuwo, ta wanki, ta alwala.
Nasa a gwangwanin tumatir yake,
can gindin dogon-yaro,
ba ya haɗa kwano da kowa.

Malam Sidi na bayan katangarmu
ya tuna mini wanki bakwai.
Na ce na sani, ina kuma kiyayewa.
Amma tun da Ƙyale-su ya yi murya
ba a sake kwance masa akuya da dare ba.
Ran sunan jikarsa, ta kan katanga,
ƙashi ya faɗo mana da sauran nama a jiki.
Ban ce na gani ba.

Damina ta zo da kaska.
Goma sha ɗaya na cire a kunne guda,
ina jefa su a murfin kananzir.
Kwana uku bai dubi tuwo ba,
hanci ya bushe,
wutsiya ta manta aikinta.
A rumfar faci ina ta leƙa ƙarƙashin benci,
wurin kwanciyarsa, sai tsohon tif da inuwa.

'Yan kabu-kabu biyu suka ƙi mu.
Na uku ya ce kuɗin mutum biyu.
Na ce ai mu biyun ne.

Ilyasu, likitan dabbobi, ya ɗaga masa leɓe,
dasashi fari fat kamar alli.
"Shekarunsa?"
"Damina huɗu."
"Allurar hauka fa, yaushe rabonsa?"
Na dubi ƙasa kamar ɗan lakwal da bai yi bita ba.
Jaka uku da rabi.
Na ƙirga a zuci: taya nawa ke nan?
Shi kuwa ko ƙara bai yi ba,
ni ne na runtse ido da allurar ta shiga.

Ƙwayar na naɗe a kilishi,
ya cinye kilishin, ya ajiye mini ƙwayata a kan takalmi.
Cima ce, Cimar nan ta "me za su ce",
ta murza ta cikin ƙulli-ƙuli da romo,
ta tsuguna tana lallashi ƙasa-ƙasa
don kada in ji.

Da kaka sai jiri ya kama ni.
Malamar asibiti ta matse mini damtse, ta girgiza kai:
hawan jini, rage gishiri, yi tafiya kullum.
Wa zai fitar da mai faci yawo
bayan ya yini a tsugune?

Ga shi nan, la'asar sakaliya,
ya dafa gwiwata da ƙafa ɗaya.
Mu ratsa lungunan Birni,
yara na kiransa, ni ba su san sunana ba,
mu hau duwatsun nan masu santsi,
shi a gaba, ni da haki a baya.
Ya tsaya, ya waiwayo, ya jira,
ya bi ƙadangaren da bai taɓa kamawa ba.
Daga sama gari duk ya kwanta,
hayaƙin girki, balbelu na komawa tabki,
har kiran magariba ya tashe mu.

A ɗaki, bayan ƙofa, ƙusa ɗaya ce,
kati biyu ke rataye:
nasa shuɗi, nawa fari.
Cima ke duba ranakun.
Jiya ta ce, "Talata naka, watan gobe nasa,
kada ka sake kai wa malamar katin kare."