Mai Tsoron Rana

Madam Morenike ta zo da ku cikin kwali,
saiwa huɗu, kamar busasshiyar citta.
Ta ce, "Astilbi. Ba ta son rana."
Na haɗiye dariya.
A garinmu abin da ya ƙi rana ai ba ya kai kaka.

Na binne ku bakin tafkin gidan, gindin mangwaro,
inda kwaɗin Ikoyi ke kwana gardama da janareta.
Biyu suka ruɓe.
Ɗaya dodon koɗi ya cinye.

Ke kaɗai kika ɗago, ja-ja,
kamar zangarniyar dawar da ba ta ƙoshi ba.

Na tsuguna cikin laka,
ni Barau, shekara tara a Ikko.
Sannu, baƙuwa.
Ni shekarar fari ko ganye ban yi ba.